Muntari Mai Faifan Kasuwar Libiya

Duk Bahaushen da ya zauna a yammacin Omdurman a shekarun mulkin soja, da wuya a ce bai taɓa tsayawa a gaban shagon Muntari ba. Ɗan akurki ne na kwano da katako a bakin Kasuwar Libiya, tsakanin mai gyaran agogo da wata mai shayi. In ka shiga ka miƙa hannu biyu, ka taɓa bango da bango. Amma akwai lokacin da in aka yi haihuwa ko aure ko rasuwa a unguwar Dar Salam, sai labarin ya biyo ta wannan akurki kafin ya isa kunnen dangi na nesa.

A yankin Jazira aka haifi Muntari, a kambo, wato unguwar 'yan ƙwadagon gonakin auduga, can wajen Hasahisa. Kakansa da ƙafa ya baro ƙasar Katsina da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya tsaya tsinkar auduga don ya sami na gaba, nan kuwa ya yi aure, nan aka binne shi. Ubansa, Mainasara, ya gaji lauje da buhu. Shi ma Muntari abin da aka zata zai gada ke nan, sai dai tun yana ƙarami hankalinsa na wajen sauti. In famfon ban ruwa ya canza kuka, shi ke fara ji. In rediyon maƙwabta ya fara shaƙewa, shi ake kira ya murɗa har tasha ta fito tas.

Da noman auduga ya fara ja baya, albashin ƙwadago bai isa ko tuwon dare ba, sai ya bi samarin kambo zuwa birni. Ya yi dako, ya yi tallan ruwa a jaki, daga baya wani mai kaset ya ɗauke shi yana juya masa rikoda. Bai cika shekara a nan ba aka wayi gari da tankoki a bakin gada, rediyo na ta kiɗan soja.

Waɗanda suka ga wannan zamani sun san yadda gari ya yi tsit. Bikin da a da ake kwana ana rawa, sai ya zama ana naɗe tabarma tun dare bai yi nisa ba. Mawaƙa da yawa suka fice zuwa Alƙahira, wasu suka rataye kayan kiɗa suka koma wata sana'a. Uban gidan Muntari ya tsorata, ya bar masa shagon ya koma sayar da takalma. Muntari ya jera kaset ɗin wa'azi da na karatu da na yabon Annabi a gaba, na waƙa kuma ya sa a kwali a ƙarƙashin benci. Sau ɗaya wasu masu kaki suka zo suka kwashe kwalin gaba ɗaya, ba su ce masa uffan ba, shi ma bai tambaya ba. Washegari ya ari kaset wajen abokan ciniki ya sake farawa.

Abin da ya riƙe shagon a waɗannan shekaru ba waƙa ba ce. Tsofaffi ne. Yawancin iyayenmu na Dar Salam ba sa rubutun boko, wayar tarho kuma sai mai hali. In tsohuwa na son gaida 'yar'uwarta a Kano ko ɗanta a Jidda, sai ta zo wajen Muntari. Ya zaunar da ita a kan benci, ya danna mata jan maɓalli, ya ce, "Hajja, ki yi magana kamar tana gabanki." Sai ya fita ya ja ƙofa, ya tsaya wajen mai shayi har ta ƙwanƙwasa. Bai taɓa sauraren abin da aka faɗa ba sai in mai shi ta ce ya saurara. In amsa ta dawo a jakar wani alhaji, nan dai za a kawo ta, don ba kowa ke da rikoda ba, kuma dangi kowa na son nasa kwafin.

A wajen kwafin nan ne yake jin haushin kaset. In ka kwafa daga uwa, 'yar ta ɗan dusashe. In ka kwafa daga 'yar, jikar sai shuuu ya yi mata yawa. Kafin a kai tattaɓa-kunne, muryar ta zama kamar mai magana daga cikin rijiya. Wata rana ya kwafa wa wata mata muryar mahaifinta daga kwafin kwafi, ta saurara ta ce, "Wannan ba Baba ba ne." Shi ne kuwa. Abin ya daɗe yana cin Muntari a rai.

A shagon kuma ya sami mata. Mawahib 'yar wani malamin allo ce a unguwar Alsahafa, cikin gidajen da kakanninsu suka dawo daga hajji suka yada zango a Khartoum. Larabcinta ya fi Hausarta gudu, ɗinki take yi a gida. Ta kawo kaset ɗin karatun mahaifinta da zaren ya tsinke, ya ɗinke mata shi da ɗan salatif siriri kamar gashin ido. Ta duba ta ce ɗinkin bai yi laifi ba, ga namiji. Bayan shekara aka ɗaura. Suka kama ɗaki biyu na jar ƙasa a Dar Salam, aka haifa musu Hanan.

Da aka fara haƙo mai, kuɗi suka ɗan shigo gari, kaya suka biyo su. Raksha, babur mai ƙafa uku, ta cika titi, kowace da lasifikarta. Faifan sidi ya bayyana, yana walƙiya kamar ƙasan sabon kwano. Wani abokin Muntari mai suna Salahuddin, wanda ke gyaran kwamfuta a Bahri, can ƙetaren kogi, ya zo shan shayi ya dubi tulin kaset ya girgiza kai.

"Ya zol, bawan Allah, jirgi zai tashi ya bar ka. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a wurina, ta ofis ce amma lafiyarta lau. Zo ka ɗauka in koya maka."

Kwasar adashin Mawahib ce ta sayo ta. A raksha aka kawo ta, Muntari na rungume da ita a cinya tun daga Bahri har aka haye gadoji. Salahuddin ya ja waya daga bayan rikoda zuwa bayan kwamfuta, ya sa kaset, sai ga murya ta fito a allo kamar duwatsu da kwaruruka, kore shar. Muntari ya daɗe yana kallo.

"To yanzu sai ka zaɓa," in ji Salahuddin. "In ka ajiye ta a MP3, faifai ɗaya zai ɗauke maka abin da ke cikin wancan kwalin duka. Haka kowa ke yi."

"Ta yaya kwali zai shiga faifai ɗaya?"

"Matsewa take yi. Tana zubar da abin da kunne ba ya lura da shi."

"Kunnen wa?"

Salahuddin ya yi dariya. Ya ce to akwai wata hanyar, a ajiye sautin cikakke yadda ya shigo, ana ce masa WAV, sai dai cin wuri gare shi, faifai ɗaya kaset ɗaya. Akwai kuma FLAC, shi yana rage girma amma ba ya zubar da komai, in ka buɗe shi sai ya dawo daidai yadda yake. Muntari bai gane wannan na ƙarshen ba. Da ya koma gida yana ba Mawahib labari, tana kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai mai sauƙi ne, Baban Hanan. Ɗaya yanke rigar yake don ta shiga akwati, ɗaya ninke ta yake." Tun daga ranar da wannan maganar yake yi wa mutane bayani, kuma bai taɓa mantawa ya ce ta matarsa ce ba.

Abin da ya fi kama shi, shi ne da Salahuddin ya nuna masa cewa cikakken faifai in an kwafe shi, aka kwafi kwafin, aka sake kwafar wancan, na ƙarshe da na farko ba su da bambanci ko na ƙwayar gero. Ya gwada da kansa har sai da ya ɓata rabin fakitin faifai. Ranar ya rufe shago da wuri, ya sayi kifi soyayye ya kai gida.

Ba za a ce hanyar da ya zaɓa ta kawo masa arziki ba. Sauran shaguna na cika wa direbobin raksha faifai ɗaya da waƙa fiye da ɗari, shi yana ba da goma sha. Shi ma ba ya musu, yakan ce a cikin ƙarar raksha ko shi ba zai bambance ba, kuma in direba ya nace yakan yi masa matsattsen. Amma in murya ce ta mutum, ta uwa ko uba ko malami, ko waƙar da babu irinta a wani wuri, nan ba ya sassautawa. Sai ya goge kan rikoda da auduga, ya murɗa ɗan sukurun da ke gefensa yana saurare har muryar ta washe, sannan ya bar kaset ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe. Ba a gaggauta wannan, awa ɗaya awa ɗaya ce. Ba ya yarda a wanke shuuu ɗin kaset da kwamfuta, don ya lura in an wanke shi, numfashin mai magana na tafiya tare da shi. In ya zo buga faifai, a mafi jinkirin gudu yake bugawa. In wuta ta ɗauke ana tsaka da bugu, faifan ya tashi aiki, sai ya jefa shi a kwali ya jira ta dawo. Kowane aiki ya gama, ya ba mai shi faifansa da kaset ɗinsa, ya ninke kwafi ɗaya ya ajiye a rumbun kwamfutar, in mai shi ya yarda.

Cikin abin da ya ajiye har da kiɗan Nagoggo. Nagoggo makaɗin garaya ne na kambonsu. A da, in aka gama tsinkar auduga aka auna, shi ke raba dare yana kiɗa, yana wasa gwanayen tsinka da sunayensu, yana zolayar ragwaye. Wani direban babbar mota ya taɓa ɗaukarsa a kaset tun Muntari na yaro, kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu har ya faɗo shagon. Shi kuwa Nagoggo ya daɗe da barin kiɗa. Ya tsufa yana gadi a ƙofar wata masana'antar sabulu a Bahri, da carbi a hannu, garayar ma ba a san inda ta shiga ba.

Ran wata Juma'a bayan an sauko, Muntari ya ɗauki faifan da 'yar na'urar saurare ya haye Bahri. Ya tarar da tsohon a inuwar bango.

"Baba, na zo maka da baƙo."

"Ina yake?"

Ya sa masa abin ji a kunne ya danna. Tsohon ya zabura kamar an taɓa shi da wuta, sannan ya lafa. Yatsun hannunsa na dama suka fara motsi a kan gwiwa. Can tsakanin waƙa da waƙa, inda kiɗa ya tsaya, sai ya ɗaga hannu.

"Mayar da nan."

Muntari ya mayar. A bayan shuuu ɗin akwai tari, da muryar mace tana cewa a matsar da fitila kada yara su ture ta.

"Mairama ce," in ji Nagoggo. "Matata, uwar Khadiga. Kullum fitila ce damuwarta." Ya gyara abin jin a kunnensa. "Shekara nawa ina ƙoƙarin tuno muryarta, ta ƙi zuwa."

Bai yi kuka ba. Ya sa aka mayar masa da wurin har la'asar ta yi, sannan ya cire abin jin ya miƙa, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan Mainasara." Muntari ya bar masa faifan. Kaset ɗin kuwa, da ma zarensa ya gaji, bai ƙara juyuwa ba bayan wannan ɗaukar. Damina biyu bayan haka Nagoggo ya rasu.

Shekarun da suka biyo baya su ne na jin daɗin shagon. Labari ya bazu cewa akwai mai mayar da kaset faifai ba tare da murya ta ragu ba. Aka riƙa zuwa daga Alsahafa, daga Bahri, har daga Gadarif da Sinnar. Mata na kwance ƙullin gyale su fito da kaset ɗin da suka yi shekara ashirin a ƙasan akwati: waƙar daka ta wata kaka, tafsirin malamin da ya rasu, guɗar bikin da amaryarsa yanzu take da jikoki. Da yamma dattawa kan jawo kujerun mai shayi su zauna a ƙofar shagon, ana shan jabana, wato gahawa, Muntari ya sa musu wani tsohon abu can ƙasa-ƙasa. Sai ka ji wani ya ce, "Wannan ai a kambon su wane ne," wani ya ce a'a, gardama ta tashi, a dangana da sunayen mutanen da ƙasa ta daɗe da rufewa. Masu wucewa da ba sa jin Hausa kan rage tafiya su saurara.

Sai wata ranar bazara, zafi kamar ya narka kwano, wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. Kwamfutar ta yi wani ƙas-ƙas-ƙas, allo ya yi baƙi. Muntari ya cire rumbun ya naɗe a rawani ya kai wa Salahuddin. Salahuddin ya gwada duk dabarar da ya sani, ya kai wa wanda ya fi shi, aka dawo masa da shi.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Ya mutu. Na sha ce maka ka sayi na biyu."

"Ka faɗa," in ji Muntari.

Ya dawo gida ya kwanta a angarib, gadon igiya, a tsakar gida, fuska ga bango. Ya ƙi cin abinci, ya ƙi fita kasuwa. Aikin shekaru ne ya tafi, kuma da yawa daga kaset ɗin asali sun riga sun lalace ko an zubar. Mawahib ta ƙyale shi kwana biyu. A na uku ta ajiye masa shayi ta zauna a bakin gadon.

"Baban Hanan, in tambaye ka. Duk wanda ka yi wa aiki, ba ka ba shi faifansa ba?"

"Na ba shi."

"Kuma ba kai ke cika mana kunne cewa na hannunsu da na wurinka duk ɗaya ne ba?"

Ya juyo ya dube ta.

"To rumbunka na nan a gidajen mutane. Tashi ka sha shayi ka je ka karɓo aro."

Haka aka yi. Ya sayi sabon rumbu, wannan karon guda biyu. Da safe ya buɗe shago, bayan azahar ya rufe ya shiga unguwa da jaka a kafaɗa. Ba shi da wani rubutu na wanda ya ba me, a ka yake riƙe da su, inda ya manta kuma dattawan ƙofar shago su tuna masa. Ya yi sallama a gidajen da bai taɓa shiga ba. Ko'ina sai an shimfiɗa masa tabarma, sai ya sha ruwa, sai an ba shi labarin mai muryar tun daga haihuwa. Wani gidan a fito masa da faifan a naɗe cikin tsumma mai ƙamshin turaren wuta, ko ƙwarzane babu. Wani gidan a tarar yara sun yi wasa da shi har ya zama kamar an ja shi a kan tsakuwa. Ya sami ɗaya a rataye a madubin raksha, rana ta cinye shi. Ya sami wani an ɗaure a saman rumfa ana korar tsuntsaye da shi. Waɗanda aka buga a faifai mai araha, wasu bayansu ya fara ɓarewa saboda zafi. Bai yi wa kowa faɗa ba. Wanda ya karantu ya kwafa, ya buga sabo ya haɗa da tsohon ya mayar.

Na Nagoggo ne ya ba shi wuya. Aka ce yana wajen 'yarsa Khadiga, tana aure a Alsahafa. Mawahib ce ta raka shi, don unguwarsu ce. Khadiga ta karɓe su a rumfar tsakar gida, ta saurari abin da ya kawo su, sannan ta yi ƙasa da murya.

"Maigidan ba ya son a san surukinsa makaɗi ne. Yara ma ba su sani ba. Ni kaɗai nake sa shi in sun fita."

"Ba zan sa shi a kasuwa ba in ba ki so," in ji Muntari. "Ajiyewa kawai zan yi."

Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da shi a cikin gwangwanin alewa. Ya sha hannu sosai. Ta riƙe gwangwanin ba ta saki ba.

"Yaya Muntari, in ya ɓace ba ni da uwa ba ni da uba."

"Gobe kafin la'asar yana hannunki."

Waƙoƙin farko suka fito lafiya. Da aka zo ta huɗu, na'urar ta fara kai da komo a wuri ɗaya. Akwai ƙwarzane mai zurfi, kuma daidai nan ne wurin tarin da maganar fitila. Ya wanke faifan, ya goge shi da man goge baki a hankali daga tsakiya zuwa baki, ya rage gudu, ya kai wa Salahuddin aka gwada a wata na'urar. Abin ya ƙi. Ya cika alkawari, ya mayar mata kafin la'asar, ya gaya mata gaskiya. Ta ce ai ta sani, ya daɗe yana tsallake wurin, ta zaci na'urarta ce.

Har ya juya zai tafi ta ce, "Tsaya. Baba ya taɓa ba wani abokinsa aro, direba ne, ya ce zai kwafa a garin Damazin. Ban sani ba ko ya yi."

Muntari ya ba da saƙo a tashar manyan motoci. Wata ya wuce, wani ya bi, har ya cire rai. Ana gab da azumi sai ga wani kwandasta ya tsaya a ƙofar shago da ambulan da ya sha maiƙo, ya ce wani tsoho a Damazin ya ce a ba ɗan Mainasara. Muntari ya sa faifan ya kasa kunne, don in mai shagon da ya kwafa a can ya matse shi, to ragowa ce kawai ta dawo. Ashe mutumin bai wahalar da kansa ba, faifai ya kwafa zuwa faifai kai tsaye. Komai na nan. Ya buga sabo ya ba Mawahib ta kai wa Khadiga. Da ta dawo ya tambaye ta me ta ce. Mawahib ta ce kiran babbar 'yarta kawai ta yi, ta zaunar da ita ta sa mata.

Bai dawo da duka ba. A ƙiyasinsa ya sami kashi biyu cikin uku. Akwai muryoyin da suka tafi ke nan, ya san su, wani lokaci yakan ambaci masu su. Amma yawon ya jawo masa wasu kaset ɗin da bai taɓa gani ba, don duk gidan da ya shiga sai maƙwabta sun ji, su ma su fito da nasu.

Kasuwar faifai kuwa ba ta jira shi ba. Waya ta zo da memori ƙarami kamar farce, yara na tura wa juna waƙa a tsaye a bakin titi. Bayan da kudancin ƙasar ya ɓalle, kaya suka yi tsada, faifai marar komai ma ya fara wuyar samu. Shagunan da suka yi gasa da shi suka koma sayar da katin waya. Shi ma ya jera caja da murfin waya a gaba, kwamfutar ta koma lungu. Dattawan ƙofar shago suka riƙa raguwa ɗaya bayan ɗaya, mai shayin ta koma garinsu. Da Hanan ta yi aure aka kai ta Bur Sudan, cikin kayanta ya sa rumbu ɗaya a naɗe da tawul, ya ce ta ajiye nesa da zafi, kada abin ya taru a gari ɗaya. Kunnensa na hagu ya fara nauyi. Bai gaya wa kowa ba, amma Mawahib ta lura ya koma zama ta hagunta.

A shekarun ƙarshe na shagon, wata ranar hantsi, wani magidanci mai gyaran firji ya tsaya. Isma'il sunansa, haihuwar Omdurman. Da Larabci ya yi sallama, ya ce an gaya masa akwai waƙar daka ta kakarsa a nan, Laraba ta kambon Wad Rawa. Muntari ya nemo ta ya sa masa. Mutumin ya saurara har ƙarshe yana murmushi, sannan ya ɗan sunkuyar da kai.

"Baffa, muryar na gane ta. Maganar ce ba na ji. Me take cewa?"

Muntari ya jawo masa kujera. Ya riƙa sa baiti ɗaya yana tsayarwa, yana juya masa da Larabci. Nan tana yabon ƙanenta da ya fi kowa cika buhu. Nan tana tsokanar maƙwabciyarta da hatsinta ba ya laushi. Isma'il na dariya, yana cewa a maimaita. Suka zo wani wuri Muntari ya tsaya, ya mayar, ya juya kunnen dama ya sake mayarwa.

"Wannan kalmar ni ma ban san ta ba," ya ce. "Ta mutanen da ce, ina jin wani abu ne na turmi ko na sussuka. Akwai gwaggon matata a Alsahafa, ta haura tamanin, ita za ta sani. Ranar Asabar za mu je gaishe ta."

"In zo in kai ku? Ina da mota, ta aiki ce amma tana tafiya."

"To ka zo da wuri," in ji Muntari, "don bayan azahar barci take yi."